Kabejin da Ba Shi da Huji

Dona Heloísa, wata dattijuwa da ta saba sayen kayanmu, ta ɗaga ɗaurin kabejin sama tana duba shi a hasken rana, kamar yadda ake duba ƙwai kafin a sa wa kaza. Ta juya shi, ta ware ganyen ɗaya bayan ɗaya, ta sa tabarau ta sake dubawa. Sannan ta mayar da shi kan teburin yayata a hankali, ta goge yatsunta a gefen siket.

"Edileuza, kabejin nan naki ya cika kyau," in ji ta.

A wata kasuwar wannan yabo ne. A tamu kuwa gara a zage ka. Ina tebur na gaba ina juya wainar rogo a kasko, sai da cokalin ya tsaya a hannuna.

Kasuwarmu ta Asabar tana ci ne a wani dandali a birnin Recife, bayan dogayen benayen da suka tare mana teku, sai dai mu ji gishirinsa a hanci in iska ta juyo. Manoma ne mu, daga ƙauyukan da gonakin rake suka yi wa zobe, kuma tun ranar da aka kafa tebur na farko dokarmu ba ta canja ba: abin da hannunka ya shuka za ka sayar, kuma wanda ba a yi wa feshin magani ba. Mutanen benaye ba su san gona ba, amma sun koyi abu guda sun riƙe shi gam, wai ganyen da tsutsa ta ci shi ne ba guba. Sai ka ga mace da zoben zinariya tana tona kaya tana neman wanda ya fi huji, in ta yi sa'a ta sami tsutsar da kanta har ƙawarta take kira ta zo ta gani. Mun yi musu dariya har mun gaji, daga baya mu ma muka koma ɗora mai hujin a sama.

To, kabejin Yaya Edileuza, irin mai faffaɗan ganyen nan da ba ya dunƙulewa, 'yan makwannin nan sumul yake zuwa. Kore shar, ko tabon allura babu. Ni kaina na lura, amma na ja bakina na yi shiru, don 'yar uwa ce.

"Na jikana ne, kin san ciwon ƙirjinsa," in ji Dona Heloísa, tana kauce wa idon Yaya. "Bari dai sai wani satin."

Ta tsallaka zuwa teburin Cremilda da ke fuskantarmu, wadda ganyenta ya zama kamar rariya, ta ɗauki ɗauri biyu. Cremilda ta ƙulle mata a jaka, ta jira ta yi nisa, sannan ta fara yayyafa wa latas ɗinta ruwa tana magana da shi.

"Wasu dai tsutsa tsoron gonarsu take ji. Ko da yake in miji yana goya tankin feshi a bayansa, ai ba a rasa ɗan ragowar da za a kawo gida."

Ni ba a yi mini haka in haɗiye. Na ajiye cokali na ce, "Cremilda, in da magana a bakinki ki faɗe ta a fili, ki bar yi wa latas hira."

"Ai na faɗa, Nalva. Da idona na ga jarka a bayan ɗakin girkin yayarki ranar da na bi ta wajen. Shuɗiya, mai jan layi da hoton ƙoƙon kan mutum. Ko ita ma ado ce?"

Duk wanda ya tashi a yankin rake ya san wannan jarkar ta maganin feshi ce, ya kuma san jan layi ba ya hawa sai kan mafi muni. Na juya na dubi Yaya, ina jira ta tashi ta wanke matar nan tas. Sai na ga ta sunkuya tana gyara ɗaurin albasar da ba abin da ya same shi.

Kafin rana ta yi tsaka magana ta zagaye dandalin, ta kai kunnen Seu Damião, tsohon da ke sayar da zuma, wanda muka ba shugabancin ƙungiya saboda ba ya gaggawa a komai, har a taunar abinci. Ya zo ya tsaya gaban teburin Yaya, ya cire hularsa ya riƙe.

"'Yata, kin san yadda muke yi. Laraba za mu zo ziyara."

"Ku zo, Baba," ta ce, ba ta ɗago ba.

Ba wani jami'i da ke ba mu shaida. Mu muke shiga gonakin juna, mu tona ƙasa, mu juya ganye, mu leƙa rumbu. In an kama mutum da magani, a ranar ake naɗe teburinsa, kuma ba ya sake dawowa, don masu saye in suka daina yarda da ɗaya sun daina yarda da kowa. Ni kuwa na san abin da teburin nan yake a wurin Yaya. Shekaru ta yi tana haƙar fadamar bayan gidanta tana ƙara kunya a kan kunya, da niyyar ranar da lambun ya isa ya riƙe gida, mijinta Genival ya sauke tankin kamfanin sukari daga bayansa har abada. In tebur ya tafi, wannan ranar ta tafi da shi.

*

A motar komawa gida muka zauna a baya kan akwatunan da ba komai, ban da na Yaya da ya dawo kusan yadda ya tafi. Na bari sai da muka fita gari, rake ya fara wucewa dama da hagu, sannan na matsa kusa da ita.

"Yaya, ni ce fa. Ki gaya mini gaskiya tun kafin Laraba, mu san inda za mu sa kanmu."

"Ban yi feshi ba."

"To me ya cinye tsutsar? Addu'a?"

"Nalva, na ce miki ban yi ba. Kar ki ƙara tambayata."

"Jarkar fa?"

Ta juya mini ƙeya, ta kama kallon raken kamar yau ta fara ganinsa. Haushi ya cika ni. Na so in girgiza ta, na so in rungume ta, na rasa wanda zan yi, sai na ɓare ayaba na cinye ni kaɗai ban miƙa mata ba. Gidana yana wancan gefen tudu, sai a mota da coci muke haɗuwa, kuma ranar Lahadi ba ta zo ba. Na kunna mata kyandir, na kuma roƙi Allah abin da ban taɓa zaton zan roƙa ba, ya aiko wa gonar yayata tsutsa.

*

Dangi ba su da ta cewa a ziyara, amma ba dokar da ta hana su tsayawa su yi kallo. Don haka safiyar Laraba na ɗaura kallabi na haura tudu, na same su a bakin shinge: Seu Damião da fartanyarsa, da wasu manoma biyu daga ƙauyen gaba, da Cremilda wadda ta sa takalmin roba har gwiwa sai ka ce kogi za ta ƙetare. Yaya ta fito ta yi musu maraba, ta ce ga ruwan kofi na tafasa a kan wuta.

"Bayan mun gama," in ji Seu Damião. Haka al'adar take, ba a cin komai a gidan da ake bincike sai an yanke magana.

Muka zagaya bayan gida muka gangara lambu. Ni kaina sai da na tsaya na kalla. Kunyoyin kabeji a jere, ga latas, ga albasa mai lawashi, ga kuɓewa ta yi fure, ga kabewa ta hau shinge. Fararen malam-buɗe-littafi na ta yawo a kan kabejin, kuma su ne uwayen tsutsar, wannan ko yaro ya sani. Seu Damião ya bi su da ido. Ya durƙusa da ƙyar, gwiwoyinsa na ƙara, ya kafta fartanya a gindin kunya ya juyo ƙasa. Baƙa ce, da danshi, tana uku na mutsu-mutsu a ciki. Ya ɗebo ya sansana, ya miƙa wa na kusa da shi. Ya matsa gaba ya sake kaftawa, ya sake samun tana. A ƙarƙashin ganyen kabewa wani ƙaton kwaɗo ya yi tsalle, Cremilda ta yi ihu ta kusa zama a kan latas.

"Ƙasar da ta sha magani ba ta riƙe waɗannan," in ji ɗaya daga cikin manoman.

Amma Cremilda ta gyara tsayuwa ta kama ganyen kabeji ta juya bayansa.

"Na ji ta ƙasa. Ganyen fa? Ga uwayen nan suna yawo, ina 'ya'yan? Ku nemo mini tsutsa ɗaya tak, in ba wa Edileuza haƙuri a gaban kowa."

Suka bazu suna juya ganye. Har ni da ba ni da ta cewa na shiga ciki. Muka bi kunya ta farko, muka bi ta biyu, ba tsutsa, ba ƙwanta, ba ko kashinta. Yaya na tsaye a gefe ta harɗe hannu, leɓenta na ƙasa a cikin haƙora.

Sai kaji suka ruɗe. Kajin Yaya suna cikin wani keji na waya a ƙarshen lambu, tun zuwanmu ba wadda ta kula mu. Lokaci guda suka taso gaba ɗaya suka yi cincirindo a jikin waya, suna tsalle suna hawa kan juna. Na juya in ga ko shaho ne, sai na ga mutum yana gangarowa daga ƙofar baya, yana dafa shinge.

Da ƙyar na gane Genival. Mijin yayata ƙato ne, mutumin da ke ɗaukar buhun rogo da hannu ɗaya yana tsokanata da ɗayan. Wanda ke gangarowa kuwa wandonsa da igiya aka ɗaure, idanunsa sun faɗa, fatarsa ta yi wani irin ɗorawa-ɗorawa. Ga wani tsohon gwangwanin madara rataye a ƙugunsa. Kuma ranar Laraba ce da hantsi, lokacin da ya kamata a ce yana tsakiyar rake.

"Genival, koma ciki," in ji Yaya. "Mun yi magana da kai."

"Mun yi, mata. Amma ta taga nake jin komai, ba zan kwanta a naɗe miki tebur saboda ni ba." Ya ɗaga wa Seu Damião hula, ya dube ni ya yi ƙoƙarin murmushi. "Ƙanwar mata, ke ma kin zo kamun ɓarawo?"

Ya kwance gwangwanin daga ƙugunsa ya miƙa wa Cremilda. Hannun na rawa, har gwangwanin na kaɗawa. Ta leƙa ciki ta ja da baya.

"Ga tsutsarki nan, Dona Cremilda. Ta safiyar yau ce, ban kai ga ba kaji ba kuka iso."

Rabin gwangwanin cike yake da su, koraye, suna motsi a kan juna.

Ya zauna a kan wani kututture, don tsayuwa ta gagare shi, ya ba mu labari a gajarce yana kallon ƙasa. Wata rana suna feshi iska ta juyo musu, tankinsa kuma dama yana ɗiga ta wajen murfi, rigar ta jiƙe tun daga wuya har ƙugu. Ya ƙarasa aikin ranar. Da ya dawo gida ya fara amai, ido ya daina gani sosai, hannu ya kama rawa. Ya sha madara kamar yadda kowa ke yi in magani ya taɓa shi, ya aika wa foman cewa bayansa ne ya riƙe.

"Asibiti fa?" in ji Seu Damião.

"Haba Baba, kai ma ka sani. Duk wanda aka ji ya ce magani ya kama shi, ba a sake kiransa. Ba kora ba ce, a'a, sunanka ne kawai ba a kira da safe. Shi ya sa na sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba, har wannan mai bakin." Ya nuna ni da haɓa.

"To tsutsar fa?" in ji Cremilda, amma muryarta ta sauka.

"Zaman banza ne ya ishe ni. Ni tun ina yaro ban taɓa wuni a kwance ba. Fartanya ta fi ƙarfina, guga ya fi ƙarfina, sai na ce to, wannan ko ba komai zan iya. Nakan jawo kujera in zauna a bakin kunya, in bi ganye ɗaya-ɗaya, gaba da baya. In tsince tsutsa, in murje ƙwan da babban yatsa. In na gama ta ƙarshe in dawo ta farko. Na ɗauka taimaka mata nake yi." Ya yi wata 'yar dariya da ta ƙare da tari. "Ashe kasuwar mutanen birni ba a son abu mai kyau."

Na dubi Yaya, ta dube ni, hawaye na bin fuskarta. Ya Allah, irin sanyin da na ji ya sauko mini daga ƙirji zuwa ƙafafu! Kwanaki ina ɗauke da zargin yayata a ciki kamar ƙullin tuwon da ya ƙi wucewa, sai ga shi ya faɗa. Na je na rungume ta ina zaginta ƙasa-ƙasa, tana dariya tana kuka. Genival ya karɓi gwangwaninsa ya juye wa kaji, suka yi kansa, ɗaya daga cikin manoman ya ce bai taɓa ganin kaji masu ƙiba haka ba, a sayar masa da biyu.

"Saura jarka," in ji Seu Damião. Ba don mugunta ya faɗa ba, shi dai ba ya barin aiki rabi.

"Wannan ai ba komai ba ce," in ji Genival. "Ku zo ku gani."

Tana nan inda Cremilda ta ce, a inuwar bayan ɗakin girki, a kan wani ɗan benci. Shuɗiya, jan layinta ya ɗan koɗe, ƙoƙon kan na nan yana kallonmu. An rufe bakinta da tsumma mai tsabta, an kifa kofin silba a kai.

"Ba ta taɓa shiga lambu ba, Baba, na rantse," in ji Yaya da sauri. "Lambu daga maɓuɓɓuga nake ba shi ruwa, da butocin ƙungiya, ga su can. Ban yarda ko inuwarta ta faɗa kan shuka ba."

"To me ke ciki?" in ji Seu Damião.

"Ruwan sha ne."

Genival ya ga ba mu gamsu ba, a tunaninsa har yanzu zargin magani muke yi. Ya ɗauki kofin, ya karkata jarkar ya tsiyaya, rabi na zuba a ƙasa saboda rawar hannu, ya kafa kai ya shanye kafin wani ya tare shi.

"Kun gani? Ruwa ne zalla. Foman ne ke raba mana su in maganin ciki ya ƙare, kyauta, sai ma wanda ya yi sa'a. Na wanke ta da sabulu da toka har sau nawa, na shanya ta a rana. Ba ta fashewa, ba ta tsatsa, kuma ruwa ya fi sanyi a cikinta. Duk layin nan ba gidan da babu ita."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. A gidan surukata akwai ɗaya, wake take zubawa a ciki don kada ƙwari su ci. Na sha wucewa ta gabanta ban taɓa tsayawa ba.

Cremilda ce ta fara magana. Ta sa hannu biyu a ka. "Wayyo ni, Edileuza! Kin hana ta kusantar kabejin mutanen benaye, ke kuma kina dafa wa mijinki kofi da ita?"

"Ai dokar ta lambu ce," in ji Yaya a hankali, ta dubi Seu Damião. "Ko ba haka ba, Baba?"

Tsohon ya shafa gemunsa, ya dubi jarkar, ya dubi Genival.

"Haka ne, 'yata. Ta lambu ce. Ba mu taɓa tambayar abin da mai lambun ke sha ba." Ya mayar da hularsa ka. "Teburinki naki ne. Asabar ki zo da wuri."

Sannan ya nemi a ba shi adda. Ya sauke jarkar ƙasa, ya tuntsurar da ruwan nesa da kaji, ya soke ta a ciki, ya sake sokewa a gindi.

"Haba Baba!" in ji Genival, har yana ƙoƙarin miƙewa. "Jarka mai kyau haka?"

"Akwai tulu a gidana, na uwata, yana nan ba mai amfani da shi," in ji Cremilda tana fyace hanci a gefen riga. "Yau ɗin nan zan aiko da shi. Kuma kada wanda ya ce mini na gode, ban son iyayi."

Na ce mata, "Wa zai gode miki? Haƙurin da kika yi alkawari dai muke jira, a gaban kowa kika ce."

"Ke dai Nalva Allah ya shirye ki. Edileuza, ki yafe mini. Bakina ya fi ƙafata sauri."

Ranar mun ci abinci kamar an yi biki. Yaya ta juye dambun masara mai zafi, ta soya ƙwai, ta dafa rogo, kofin kuwa da ruwan maɓuɓɓuga aka sake dafa shi, ni na ɗebo da kaina. Aka yi ta tsokanar Genival ana ce masa sarkin tsutsa, manoman nan biyu suna gardamar wanda zai fara ɗaukarsa haya. Ya yi dariya har ya ci rogo yanka biyu, Yaya ta ce rabonsa da cin haka tun kafin ya kwanta. Da za su tafi ya raka su bakin shinge, ya riƙe hannun Seu Damião.

"Baba, maganar ciwon nan ta tsaya a gidan nan. Bayana ne ya riƙe."

Seu Damião ya ce sai in ya yarda a kai shi asibitin birni a motar kasuwa, inda ba wanda ya san foman. Genival ya ce to, zai duba, in ya ɗan sami sarari.

*

Asabar da ta biyo baya Seu Damião ya bi tebur-tebur yana sanar da cewa an je ziyara, gonar Edileuza tsaf take. Bai ƙara ko kalma a kai ba, mu ma ba mu ƙara ba. Cremilda kuwa ta koma mai tallar kayan Yaya, duk wanda ya tsaya gabanta sai ta ce, "Albasa? Tsallaka can, tata ta fi tawa." Masu saye suka fara dawowa, ɗaya-ɗaya, suna ɗaukar latas da kuɓewa. Kabejin dai suna kallonsa su wuce.

Bai daɗe ba shi ma ya gyaru. Wata Asabar da safe, iska na kawo gishirin teku, ina zuba kwakwa a wainar rogo, na ga Yaya ta buɗe akwati tana jera ɗauri. Ganyen duk ya sha ci, wani an yi masa huji a tsakiya, wani an gaigaye gefensa har jijiya. Ban tambaye ta ba. Da motar kasuwa ta biya ɗaukarta da asuba na ga tankin a jingine a bakin ƙofarsu, da rigar aikin a shanye ita kaɗai a igiyar da ke nesa da sauran wanki.

Dona Heloísa ta iso da kwandonta. Ta yi kamar za ta wuce, idonta ya faɗa kan teburin, ta dawo da baya. Ta ɗaga ɗauri ɗaya sama, rana ta ɓullo ta cikin hujojin ta sauka a fuskarta.

"Yawwa, Edileuza! Yanzu na ga kabejinki na da. Kin san ban taɓa zarginki ba, tsoro ne kawai irin na kaka. Ba ni uku." Tana buɗe jaka ta ƙara da cewa, "Ya maigidan? Na ji an ce bayansa ya dame shi."

"Ya ji sauƙi, Dona. Ya koma aiki."

"Kai, madalla! Ai namiji da aikinsa ya fi. Ki gaishe shi."

"Zai ji."

Yaya ta ɗauko ɗauri na uku za ta sa a jaka, sai ta tsaya. A bayan babban ganyen wata tsutsa ce kwance, kore, ƙosasshiya, ta ci ta yi ɓul-ɓul ba wanda ya dame ta. Ta kai babban yatsa kamar za ta tsince ta.

"A'a, bar ta, bar ta!" in ji Dona Heloísa. "Jikana zai so ya gani."

Yaya ta janye yatsan. Ta naɗe ganyen a hankali don kada ta murje ta, ta sa a jaka ta miƙa.